Yadda Ake Sauya Tsofaffin Kafasita A Rediyon Oba-Oba

Kwanakin baya wani dattijo mai kula da 'yan sintirin unguwarsu a Rigasa, nan Kaduna, ya shigo shagona ɗauke da rediyon oba-oba, irin wanda ake girkewa a ofis ko a mota, a nannaɗe cikin tsohon rawani. Ya ajiye a kan tebur ya ce, "Malam, abin nan ya zama kamar ni da hunturu. Sai ya sha ɗumi na rabin awa kafin ya buɗe baki, kuma in ya buɗe gurnani ya fi maganar yawa." Na ce, "Baba, shekararsa nawa a hannunku?" Ya ce shi ma gadonsa ya yi. Tun kafin in kwance murfi na san inda zan dosa.

Irin wannan ciwon, kafasita ce ke kawo shi, wadda tsofaffin masu gyara ke kira kwandansa. Ba kowace iri ba, masu kama da ƙaramin gwangwani nake nufi, waɗanda ke da ruwan sinadari a ciki. Cikinsu takardar alminiyom ce da wata takarda mai jiƙe da ruwan, an naɗe su kamar tabarma, an toshe gindin da roba. Shekaru na tafiya, robar na saki, ruwan ya bushe ko ya tsiyayo. Zafi ne ke gaggauta abin. Kafasita ta gama-gari an yi mata ƙiyasin awa 2,000 a zafin digiri 85, kuma duk ragin digiri 10 yakan ninka kwananta sau biyu. Ke nan a digiri 45 za ta yi wajen awa 32,000, wato shekara uku da 'yan watanni in ba a kashe rediyon. To ka tuna da motar da aka ajiye a rana a Kaduna cikin watan Maris ko Afrilu, gilasai a rufe. Ai ba sai an yi maka dogon bayani ba.

Kayan aiki

Ƙarfen narka dalma, wato ayan, mai wat 40 zuwa 60, siririn baki. In mai saitin zafi ne, ka ajiye shi wajen digiri 330 zuwa 350. Dalma siririya mai rubutun 60/40 ko 63/37. Man fes na liƙi. Abin zuƙe dalma, ko lagwanin jan ƙarfe mai shanye ta. Mita mai auna wuta, wadda ke ƙara idan layi a haɗe yake. Sukundireba ƙanana, kata mai kaifi, hantsaki, gilashin ƙara girma, tsohon buroshin haƙori, sifirit, auduga, da maka mai rubutu a kan ƙarfe. Sai wayarka don ɗaukar hoto, da kwalin ƙwai ko murafan kwalba na zuba sukurori.

Akwai wata mita ta musamman mai auna abin da ake kira ESR, wato cikas ɗin da ke cikin kafasitar ita kanta. In kana da hali ka saya, domin kafasita takan nuna adadinta daidai a mita ta yau da kullum alhali ta gama mutuwa, ita wannan ce ke tona mata asiri. In babu, aiki ba zai tsaya ba, sai dai za ka dogara da ido da hanci da shekarun rediyon.

In ba ka da lagwani, fere wayar eriyar talabijin ka ciro saƙar jan ƙarfen da ke ciki, ka shafa mata fes. Tana aiki, sai dai ba kamar na saye ba.

1. Tabbatar da ciwon kafin ka taɓa komai

Alamomin su ne gurnani a sifika, muryar da ta ragu ko ta shaƙe, allon lambobi da ke ƙyaftawa, rediyon da sai ya ɗumama yake kamawa, ko wanda ke mutuwa da zarar an danna maɓallin magana. Amma ba duk mai tari ne ke da tarin fuka ba. Duba batir ko fawar da ke ba shi wuta: na mota da na ofis 13.8V suke so, kuma in wutar na faɗuwa sosai lokacin magana, laifin na iya zama na fawa ne, ko siririyar waya, ko fis mai tsatsa. Duba eriya da soket ɗinta. Duba wayar makirfo daidai inda take lanƙwashewa.

Na hannu kuwa, irin su Motorola GP300 da GP340, kada ka yi saurin buɗe su. Kafasitocinsu galibi ba masu ruwa ba ne, kuma mafi yawan waɗanda ake kawo mini matsalarsu batir ce ko dattin haƙoran caji ko karyayyiyar eriya. Wannan aiki ya fi shafar na mota, na ofis, manyan rediyoyin gajeren zango, da fawowinsu.

Rubuta abin da rediyon yake yi da wanda ba ya yi tun yanzu. In ba haka ba, bayan ka gama ba za ka san wane ciwo ka tarar, wane kai ka jawo ba.

2. Cire wuta, ka sauke wadda ta kwanta

Zare komai: wuta, batir, eriya. Kafasita na riƙe wuta bayan an kashe na'ura. A rediyon 12V abin ba ya kisa, amma ya isa ya ƙona wani abu in sukundireba ta gifta. Ɗora resista, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, mai ohm 1,000 a ƙafafun manyan kafasitocin na ɗan lokaci, sannan ka auna da mita har ka ga ta dawo kusa da sifili.

Inda ba wasa shi ne fawar da ake jonawa a wutar NEPA, wadda babbar kafasitarta kan riƙe sama da 300V, da kuma tsofaffin rediyoyi masu kwalaben bawul a ɓangaren aikawa, irin su Yaesu FT-101 da Kenwood TS-520, inda wutar ke kai 600V zuwa sama da 800V. Wannan tana kashe mutum, ba tsoratarwa ba ce. Ana sauke ta da resista mai ohm 100,000 wat 5, a maƙale da waya mai kauri da maƙali mai rufin roba, hannu ɗaya a aljihu, a jira minti guda, a auna, a sake aunawa. Kada ka haɗa ƙafafun da sukundireba don ka ji "tas" kamar yadda wasu ke yi don burge yaran shago. Ra'ayina ma shi ne, in yau ka fara, kada ka fara da mai bawul sai da wanda ya sani a gefenka.

3. Buɗe, ka ɗauki hoto, ka yi taswira

Ɗauki hoto kafin ka cire kowace waya, da kuma bayan ka cire. Sukurori kowane rukuni da raminsa a kwalin ƙwai, domin dogo in ya shiga ramin gajere sai ya huda fanel, wato allon da aka jera kayan rediyon a kai. Wayoyi masu faɗi kamar kirtani suna da ɗan makulli a soket, ɗaga shi tukuna, kada ka fizga.

Abubuwa uku ne haramun a gare ka a cikin rediyo. Na farko, ƙananan sukurorin saiti da ke cikin kwayil, wato naɗin waya, da gwangwanayen ƙarfe masu rami a ka. Ba su kwance ba, haka aka saita su da na'urori a masana'anta, kwata ɗin juyi ya isa ya kurmantar da rediyon. Na biyu, ɗan batirin ajiya mai kama da kwabo. A wasu tsofaffin Icom irin IC-745 da IC-751, shi ke riƙe da bayanan da rediyon ke aiki da su baki ɗaya, in wuta ta yanke masa ko na ƙiftawar ido ne, rediyon ya zama akwati sai an sake loda masa. Na uku, manyan tiransistocin aikawa masu farin kai kamar tangaran. Wasunsu na ɗauke da sinadarin beriliyom, ƙurarsa guba ce, kada ka fasa, kada ka kankare.

Yanzu zauna da takarda. Bi kowace kafasita mai ruwa, ka rubuta lambarta ta jikin fanel, misali C112, da adadinta, misali 470µF 16V (µF yawan wutar da take ajiyewa, V ƙarfin wutar da take jurewa), da tsayinta da kaurinta, da ɓangaren da ƙafar negatif take. Ɗiga maka a kan fanel daidai gefen negatif ɗin. Kada ka dogara da zanen fanel kaɗai, an sha samun inda aka buga shi a juye. Yadda tsohuwar take zaune shi ne shaida.

Kana yi kana dubawa: kan da ya kumbura, robar gindi da ta turo, rigar leda da ta tsuke, ƙafa mai kore-kore, dalmar da ta dushe ta yi toka-toka maimakon sheƙi, ko danshi kamar an ɗiga mai. Ruwan ƙasa-ƙasan da ya ƙafe a gindin manyan kafasitoci sau da yawa gam ne na masana'anta, ba tsiyaya ba. Amma shi ma in ya yi baƙi ya ƙone, kankare shi, domin irinsa yakan ci ƙafafun kaya, har ya riƙa ɗan wuce da wuta.

4. Sayen sababbi

Nan ne mutane suka fi cutuwa. Adadin µF ya zama daidai da na tsohuwar. Ƙarfin wuta kuwa daidai ko sama, ba ƙasa ba ko kusa: in 16V ka cire, 25V ta yi, 10V ba ta yi ba. Nemi masu rubutun 105°C maimakon 85°C. In muka koma lissafin ɗazu, mai awa 2,000 a digiri 105 za ta kai wajen awa 128,000 a digiri 45, ninki huɗu ke nan, kuma bambancin kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Ga fawa irin ta zamani marar babban tiransifoma, sai ka ce a ba ka masu ƙaramin ESR.

Sunayen da na yarda da su su ne Nichicon, Panasonic, Rubycon da Nippon Chemi-Con. Sai dai suna a jikin riga ba shi ne kaya ba, jabu sun yi yawa. A shagunan kayan lantarki na cikin gari, wajajen Kasuwar Gumi da layukan da ke kewaye da ita, za ka samu na ƙwarai ka samu na banza a durowa ɗaya. Tafi da mitarka. Ɗauki biyu ka jinjina a hannu, wadda ta cika rashin nauyi ka ajiye. Na taɓa yanka wata babba da na yi zargi, sai ga 'yar mitsitsiya a ciki an liƙa mata ƙafafu, sauran gwangwanin iska ce. In ka auna ka ga bambancin bai wuce kashi 20 cikin 100 ba, lafiya lau, haka aka yi su.

Tafi da tsohuwar ko awonta, kada ka sayo wadda za ta hana murfi rufuwa.

In adadin ya ɓace a kasuwa, biyu masu 470µF a haɗe gefe da gefe, fozitif da fozitif, negatif da negatif, sun tsaya a madadin 1,000µF. A wajen tace wuta, ɗan ƙari ba laifi, 330 a gurbin 220 misali. A ɓangaren murya da na ƙidayar lokaci kuwa, tsaya a kan adadi. Wadda ka ga an rubuta mata NP ko BP ba ta da fozitif da negatif, irinta za ka mayar. Cirowa daga matattun fanel na Panteka, kasuwar tsofaffin kaya, kuma, na san aljihu kan tilasta, amma tsohuwa ce ka cire ka sa tsohuwa. Sai dai a lallaɓa kafin a samu sabuwa.

Ƙananan masu kama da ƙwayar wake, na tangaran da na maika, musamman na kusa da kwayil, ka bar su inda suke. Ba sa bushewa, kuma su ke riƙe da saitin tasha.

5. Cire tsohuwa

Ɗaya bayan ɗaya. Cire, share, sa sabuwa, yi mata alama a takarda, sannan ka matsa. Wanda ya tuge guda talatin ya zube a faranti, shi da barci sai wani makon.

In lokacin hunturu ne, irin sa'ad da ƙofar mota ke jan mutum, taɓa wani ƙarfe mai haɗe da ƙasa kafin ka taɓa fanel, kuma ka guji rigar leda. In ayan ɗinka mai araha ne marar wayar ƙasa, bari ya yi zafi, ka zare shi daga soket daidai lokacin da za ka taɓa kusa da ƙananan kaya masu ƙafafu da yawa.

Ga masu ƙafa a cikin rami: juya fanel, shafa fes, ƙara sabuwar dalma a kan tsohuwar. Abin kamar wauta, kana son cirewa kana ƙarawa, amma sabuwar ce ke kai zafi cikin ramin. Narka ƙafa ɗaya, ka ɗan karkata kafasitar, ka koma ɗayar, haka har ta fito don kanta. Kada ka ja da ƙarfi. A fanel mai fuska biyu akwai siririn bututun jan ƙarfe a cikin ramin da ke haɗa sama da ƙasa, in ya biyo ƙafar ka sayi wahala. Ƙafar negatif takan yi taurin kai saboda tana manne da faffaɗan jan ƙarfe mai shanye zafi. Maganinta ayan mai ƙarfi na ɗan lokaci kaɗan, ba mai rauni da za ka danna minti guda ba. Buɗe ramin da abin zuƙa ko lagwani. In babu, narka dalmar ka soka tsinken sakace ko allurar sirinji, dalma ba ta kama su.

Ga masu zaune a saman fanel, 'yan gwangwanaye farare masu baƙin rabin wata a ka, su ne annobar kayan ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990. Ba sa kumbura, tsiyaya suke a ɓoye ƙarƙashin kujerarsu ta roba. Da ka ɗora ayan za ka ji ƙarni kamar na ruɓaɓɓen kifi. In ka ji shi a guda ɗaya, duk 'yan'uwanta sai sun tafi. Hanya mafi aminci ita ce ayan biyu, ɗaya a kowace ƙafa, ka ɗaga a tare. In ɗaya gare ka, yanke gwangwanin da kata kusa da gindi a hankali, ba tare da ja sama ba, ka cire ragowar da kujerar, sai ƙafafu biyu su rage, ka ɗauke kowacce da ayan. Wasu kan kama da filaya su murɗe. Na yi haka sau ɗaya ina yaron shago, a rediyon wani kamfanin gine-gine, ƙafar ta taho da layin jan ƙarfe mai tsawon farce. Maigidana bai yi faɗa ba. Ya miƙo mini gilashi da silin waya ɗaya ya ce, "Ai kai ka yanka, kai za ka ɗinke." Sai bayan Isha'i na tashi daga kujerar.

6. Wanke wurin

Wannan shi ne rabin aikin, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Ruwan da ya tsiyayo yana cin jan ƙarfe, yana kuma wuce da wuta tsakanin layuka. In ka ɗora sabuwar kafasita a kansa, ɓarnar na ci gaba a ƙarƙashinta, bayan wata shida rediyon ya dawo, mai shi yana kallonka da ido ɗaya.

Shanye duk tsohuwar dalma da lagwani. Zuba sifirit, ka goge da buroshi, ka tsane da auduga, ka maimaita har audugar ta daina fitowa da launi. Faɗaɗa wankin ya wuce inda kake ganin tabon, har ƙarƙashin kayan da ke maƙwabtaka. Sai dai ka kiyaye kada sifirit ya shiga kwayil, allon lambobi ko sifika. Layin da ya yi baƙi, kankare koren fentinsa a hankali da bakin reza har jan ƙarfe ya fito, ka shafa masa dalma. Sannan ka bi kowane layi da mita daga farkonsa zuwa inda ya nufa, musamman 'yan ramukan da ke ratsa fanel, don su ne ruwan ke fara cinyewa. Inda mita ta yi shiru, ɗinke da sili ɗaya na waya mai gashi, ka bi ainihin hanyar layin, ka taƙaita shi. Man farce marar launi ya isa rufe wurin in ba ka da fentin fanel.

Da damina ka ba shi lokaci ya bushe sosai. Na'urar busar da gashi daga nesa tana taimakawa.

7. Sa sabuwa

A mai ƙafafu, zanen da ya sauko a jikin riga shi ne negatif, doguwar ƙafa ita ce fozitif. A mai zama saman fanel, baƙin rabin watan shi ne negatif. Ga tarkon: akwai wasu ƙanana masu kusurwa huɗu, rawaya ko baƙaƙe, da ake kira tantalom, su zanensu fozitif yake nunawa. Su ba a sauya su sai mita ta nuna sun haɗe wuta, amma in ta kama, ka tuna da wannan. Kafasitar da aka juya takan yi zafi ta fashe, ta watsa takarda har fuskarka.

Zaunar da ita daf da fanel, ƙafafu gajeru, domin doguwar ƙafa a cikin rediyo ƙaramar eriya ce, ga girgizar hanya na karya ta. Ɗora bakin ayan ya taɓa ƙafa da zoben ramin tare, ka kawo dalma, daƙiƙa biyu zuwa uku, ka janye. Liƙi mai kyau yana sheƙi, ya hau ƙafar kamar ɗan tsauni. In ya dunƙule kamar ƙwallo, bai kama ba. Yanke ragowar ƙafar kana riƙe da ita, don kada ta yi tsalle ta ɓuya a cikin rediyon.

In ba ka samu irin masu zama saman fanel ba, mai ƙafafu ƙarama za ta yi: lanƙwasa ƙafafun waje kamar zaman raƙumi, ka gajarta, ka liƙa, ka ɗiga ɗan gam ya riƙe jikinta. Kada ka yi amfani da silikon mai warin tsami, yana cin jan ƙarfe.

8. Kunnawa ta farko

Bi takardarka da hotunanka, ka duba fuskar kowace kafasita da gilashi. Girgiza rediyon a kife. Auna tsakanin wayar ja da baƙa, kada mita ta tsaya a kan sifili.

In kana da fawa mai iyakance wuta, saita ta kan amfiya ɗaya da ɗan ɗori. In babu, saka ƙwan tirafiketa na mota mai wat 21 a kan jar wayar, tsakanin batir da rediyo. Ƙwan ya ɗan haska ya dushe, lafiya. In ya tsaya da haske tar, kashe nan take, wani abu ya haɗe. Bar shi yana saurare minti goma, kana shinshinawa, kana taɓa kan kafasitocin da bayan yatsa. Wannan a na 12V kawai, ban da mai bawul, ban da cikin fawa. Wadda ta yi ɗumi ita kaɗai, a juye take ko jabu ce.

Kafin gwajin magana cire ƙwan, domin aikawa na jan amfiya da yawa, babban rediyo mai wat 100 har wajen 20. Kuma kada ka taɓa danna maɓallin magana ba eriya, tiransistan aikawa na iya ƙonewa, kuɗinsa kuwa ya ninka na duk kafasitocin da ka saya. Abin da ya fi shi ne eriyar bogi mai ohm 50. Kana iya haɗa ta da kanka: resista 20 masu ohm 1,000 wat 2, ba irin na naɗin waya ba, a haɗe gefe da gefe da gajerun ƙafafu a kan soket ɗin eriya. Ta isa gwaji na 'yan daƙiƙoƙi. Ajiye wani rediyon a gefe ka saurari muryarka. Bayan nan ka jona eriya ta gaske, ka tura yaro da na hannu ya yi nisa ku gwada, a kan tashar da masu rediyon ke da izini kaɗai.

In gurnani ya tafi amma rediyon ba ya jin nesa, ko murya na fita a karkace, saiti ne ya rage, shi kuma yana buƙatar littafin gyaran wannan samfurin da na'urorin awo. Kai shi wurin mai su.

Na Baban Rigasa guda 23 na sauya, na ɗinke layi biyu a kusa da ɓangaren murya. Na bar shi a kunne tun Azahar har Magariba, na kashe ya kwana, da asuba na kunna shi da sanyinsa ya kama nan take. Na rubuta kwanan wata da adadin da na sauya a cikin murfi da maka, na zuba matattun a leda na ba shi, na ce a ɗaga rediyon daga jikin taga, a kuma daina rufa masa darduma yana kunne.